Duba Tukuna Kafin Ka Goge

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Yuli, da hantsi, aka bugo mini waya daga asibiti cewa Allah ya yi wa abokin aikina rasuwa, wanda kowa a ma'aikatarmu ya sani da Malam Duba-Tukuna. Ina ɗakin saba lokacin, ɗakin nan mai sanyi da muke ajiye manyan kwamfutoci. Na zauna a kan kwalin firinta.

Malam, shekara da shekaru muna zaune kafaɗa da kafaɗa a gaban baƙin allon Linux, ba hoto, sai rubutu zalla. Kai ka koya mini in aka ce na'ura ta yi nauyi kada in tsaya gardama, in rubuta `top` in ga abin da ke cinye ƙarfinta. In faifan ajiya ya cika, `df -h` in ga wurin da ya rage. In abu ya tsaya haka kawai, in sa `tail` a kan fayil ɗin rahoto in karanta layukan ƙarshe, don kullum cewa kake na'ura ba ta tafiya ba ta bar bayani ba. Wanda ya zo maka da tambaya kuwa, sai ka ce ya buɗe `man`, littafin jagorar da ke cikin na'urar, ya karanta da kansa, sannan ka jawo kujera ku karanta tare, shayinka yana hucewa.

Ban manta ranar da sakatariya ta shigo idonta jawur ba, rahoton shekara ya ɓace mata. Ka bar abincin ranarka a rufe, ka bi ma'ajiya da `find` har ka gano shi a wata folda da ita da hannunta ta jefa shi ciki. Ka mayar mata, ka ce ai na'urar ce ta rikice. Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba.

Sunan da muka laƙaba maka daga `rm` ya samo asali, umarnin gogewa da ba ya tambaya, ba ya kuma dawo da abin da ya ci. Ba ka taɓa buga shi ba sai ka fara rubuta `ls`, ka karanta sunayen fayilolin da ƙarfi, ka janye hannuwanka daga kibod ka ɗora a cinya. Mukan ce Malam ya zauna tahiya. Sai ka ce, "Ku yi dariyarku. Ni dai a duba tukuna."

Tun da ka tafi na gaji, Malam. Wayoyi biyu ke ƙara, kunne ɗaya ke amsawa. Kowace safiya in na rubuta `who` don ganin waɗanda ke cikin na'ura, sai sunanka ya fito, domin ba ka fita daga na'urar ba, ka bar zamanka a buɗe ranar da ka ce za ka leƙa likita ka dawo. Shugaban sashe ya ce ƙa'ida ce a goge asusun shiga na'ura na wanda ba ya nan, kuma gaskiya gare shi. Ni ne na yi ta jan ƙafa.

Da muka je gaisuwa, maiɗakinka ta ce mini, "Wallahi ko muryarsa ba mu da ita. Wayarsa ta faɗa ruwa bara, komai ya tafi. Auta sai tambaya take, yaya ma Baba yake kiranta."

Jiya da la'asar na daure. Na rubuta `userdel -r`, wanda ke share asusu haɗe da duk abin da mai shi ya ajiye. Kaina na ciwo, so nake kawai in gama in tashi. Kafin in danna umarnin ya tafi, sai na tsinci hannuwana a kan cinyata. Na goge layin, na rubuta `ls`.

A cikin tarkacen aiki akwai folda guda mai suna gida. Hotuna ne, da wani gajeren bidiyo: kana bin Auta da gudu tana koyon keke, kana haki, kana cewa, "Duba gabanki tukuna, uwata!" Na kwafe su a filash na kai gidanka kafin magariba. Auta ta sa aka yi ta maimaita mata, ni kuwa na fito zaure saboda na kasa tsayawa.

Yau da safe na rufe zamanka, na goge asusun. Na rubuta `who`. Sunana kaɗai ya fito.

Allah ya jiƙanka, Malam, ya duba ka da idon rahama, ya shafe kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da Auta da yayyenta, da 'yan'uwa baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.