Shirun Bakin Turmi

Ni ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya ban sani ba a Littafi Mai Tsarki. Wannan ma da bakina na faɗa aka rubuta. Amma in maganar man gyaɗa ce, a je kasuwar Zango a tambaya. Har daga Daura ake aiko galan a ce a kai wa tsohuwar coci. Haka suke kirana, ban kuma taɓa jin haushi ba, don a layinmu gidanmu ne kaɗai ake cin ado ranar Lahadi.

A wurin innata na gaji sana'ar, can ƙasar Malumfashi inda aka haife ni. Bamagujiya ce, a kan al'adar iyayenta ta rasu. Dokarta guda ce: da zarar an zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi an ɗiga mata ruwan zafi, ba a magana sai mai ya taso. Cewa take mai yana da kunya, in ya ji surutu ciki yake komawa. Ko kaza ce ta shigo, da ƙafa ake korar ta.

Bayan aurena na yi baftisma, maigidana ya samu aikin gadi muka taho Zango. Abubuwa da yawa na bari a gidan innata ban waiwaye su ba. Shirun dai ya biyo ni, don hannuna bai san wata hanyar ba.

To, a cikin shirun nan wani abu ya same ni. Juya gyaɗa a turmi aiki ne mai tsawo. Kina riƙe da taɓarya kina zagayawa, ƙullin ya yi nauyi kamar laka, kafaɗa na zafi, ba abin da ke motsi. Da fari tunanin duniya ne ke cika mini kai, na yara, na maganar da wance ta gaya mini jiya. Sai tunanin ya riƙa raguwa da kansa, yadda kasuwa ke watsewa. Abin da ke saura sunan Yesu ne, yana zagayawa tare da taɓarya, ba da baki ba. Can shi ma sunan sai ya kwanta. Sai in ji ba ni kaɗai ba ce a tsakar gidan. Ban ga kowa ba, ban ji murya ba. Kamar dai babban mutum ya shigo ya zauna a bayanki bai ce komai ba, ke kuma kin gyara zama. Tsigar jikina takan tashi, wani lokaci hawaye ya zubo ba da baƙin ciki ba. Ba na roƙon sa komai, shi ma ba ya tambaya ta komai. Muna nan har ƙullin ya yi laushi, ya fara gumi, mai ya taru a tsakiya rana na ƙyalli a ciki.

Na yi shekaru a haka ban gaya wa kowa ba. Me zan ce?

Wata rana wata daga cikin zumuntar matan cocinmu ta zo sayen mai. Ta yi sallama ban amsa ba, tabarma kawai na nuna mata da haɓa. Ta zauna tana kallon fuskata jiƙe da hawaye. Da na gama ta tambaye ni, ni kuwa da zuciya ɗaya na ce haka innata ta koya mini. Maganar ta yi ƙafa. Kafin ta isa wurin dattawan ikilisiya ta zama wai tsohuwa na riƙe da tsafin gidansu, wai akwai abin da na binne ƙarƙashin turmi. Aka ce in dakata da karɓar jibin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki da ake raba mana a coci, sai an bincika. Ni da na ɗauki laka a kaina lokacin da ake gina cocin nan.

Matar fasto aka turo, yarinya mai hankali, a shekaru na haife ta. Da hantsi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni.

"Mama, ba faɗa na zo yi ba. An ce in zauna ki yi aikinki, amma ki riƙa yi mini hira har mai ya fito. In ya fito magana ta mutu."

"In bai fito ba fa, 'yata?"

Ta sunkuyar da kai.

Maƙwabciyata Hajiya, wadda katanga gajeriya ce tsakaninmu, ta leƙo. "Tsohuwar coci, yau alƙali aka kawo miki har gida? Ke yarinya, surutu aka ce ta yi? Ai kun cuce mu. Lokacin turmin nan ne kaɗai kunnenmu ke hutawa."

"Hajiya, koma ki duba tukunyarki, ƙauri nake ji."

Na karkata turmin da kaina don a ga ƙarƙashinsa. Ɗan kwaɗo ne ya yi tsalle ya fita. Hajiya ta ce ga dodon nan, a kama shi a kai wa dattawa.

Na yi dariya, amma a tsorace nake. Tunda nake ban taɓa buɗe baki a kan turmi ba, ban san ko mai zai fito ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan tsorata ni. In na yi magana, wanda ke zama a bayana zai tashi ya tafi ne? In kuwa shiruna ne ke kawo shi, surutuna ya kore shi, to me ya raba shi da man innata mai kunya? Kenan gaskiyar dattawa ce.

Na zuba ƙulli, na ɗiga ruwa, na kama taɓarya. Na ɗauko musu labarin zuwanmu Zango a bayan babbar mota, ni da maigida da wata akuya da surukata ta ba mu, wadda ta cinye rabin tabarmar wani fasinja kafin mu kai Kazaure. In ana labari ba a gaya mini yadda ake yi. Na yi muryar direba, na yi ta mai tabarma, na yi kukan akuyar. Matar fasto ta manta abin da ya kawo ta, tana dariya har da riƙe ciki. Hajiya na ta cewa bara da na ba ta labarin kwata ne akuyar ta ci, ba rabi ba.

Ina tsakiyar rantsuwar mai tabarma sai na ji shi. Yana nan. A bayana, inda ya saba, cikin dariyar nan da ƙarar babur a waje da bakina da ke ta zuba. Bai matsa ko kaɗan ba. Sanyi ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ashe ba ni ke kawo shi ba. Ashe yana nan tun kafin in ɗora ruwa a wuta, yana nan sa'ad da nake cacar baki da mai niƙa. Shirun ni kaɗai yake yi wa aiki, ya sa in lura.

"Mama, akuyar fa?"

"Ta sauka lafiya."

Matar fasto ta leƙa turmin. Ƙullin ya saki, mai ya kwanta a sama har ana ganin reshen dalbejiya a ciki.

"Ya fito, Mama," in ji ta a hankali.

"Na gani."

Ta miƙo mini ludayi. Na mayar mata, sai ita ta kwashe na farko ta zuba a kwano. Ta ce, "Hawayen fa, me zan gaya wa dattawa?"

Na ce, "Ki ce addu'a nake yi. In suka ce me nake faɗi a cikinta, ki ce ba komai. Zama kawai muke yi."

Ta ɗaura ɗankwalinta ta tafi.

Lahadin da aka yi jibi, dattijon da ke rabawa ya zo layin da nake zaune, ya tsaya a gabana ya sauko da farantin gurasar daidai hannuna. Na ɗauka. Wani jariri na ta tsala kuka a bayana, janareton maƙwabta na ruri. Na rufe ido na tauna a hankali, ban so ya ƙare ba.