Sanduna Biyar a Kwanar Timahdit

Bassu bai iya zama ba, ko shayi a tsaye yake sha. Shekara ashirin da shida yana jan motar share dusar ƙanƙara a hanyar tsaunuka tsakanin Azru da Timahdit, kuma cikin motocin da suka bi bayansa, ko ɗaya ba ta taɓa faɗawa kwazazzabo ba. Da wannan yake taƙama, ba shi da wani abin taƙamar.

Abin da ya ɓoye, har ga matarsa Itto, shi ne idonsa ya fara hazo. In ƙanƙara ta rufe ƙasa, ba ya raba titi da rami. Jajayen sandunan da ake kafawa a bakin hanya kafin sanyi su yake bi, ya haddace su tsaf: ɗari da sha huɗu daga shingen da ake rufe hanya da shi zuwa ƙarshen babbar kwana. Ko ƙofar likita ba ya bi, don ya san ranar da aka duba shi, ranar zai rabu da motar, kuma tsoron wannan yana cin sa.

Wata ranar kasuwa aka ɗaga shinge da hantsi, motoci sha bakwai suka jeru a bayansa, tayoyi ɗaure da sarƙa saboda santsi. Ya ƙirga sanduna ɗari da tara, sai wayam. Makiyaya sun tuge biyar sun gyara dangar garken tumaki, aikinsu ke nan duk shekara.

Ya taka birki. Ya sauka, ya hau, ya sake sauka. Haddu direban tasi, abokin tsiyarsa, ya leƙo ta taga.

"Kai tsoho, burodi kake gasawa? Fasinjojina sun daskare!"

"Zo nan, sarkin surutu. Ina bakin hanyar?"

Haddu ya ƙaraso yana huci. "Ga duwatsu can sun leƙo, kana gani."

"Ba na gani, Haddu."

Haddu ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskarsa, ya fasa. "Tun yaushe?"

"Sanyi biyu ke nan."

"Da 'ya'yan mutane a bayanka? Allah ya shirye ka!"

Haddu ya ja hular da ke jikin baƙar jallabiyarsa, ya shiga gaba, ƙanƙara har gwiwa, yana taka bakin ramin da ƙafarsa. Bassu ya bi baƙar jallabiyar nan da mota a hankali, kunya ta ishe shi, har sanduna suka sake bayyana, Haddu ya koma motarsa.

A Timahdit Haddu ya matso ya rage murya. "Ni dai ban ga komai ba."

Bassu ya zaga motar sau uku, ya share fitilunta da hannun riga, ya dubi matan da ke sauke yara daga tasi. Sannan ya shiga ofis ya ajiye makulli a gaban shugabansu.

Ya ce, "Komawa Azru, ku nemi mai ido."