Yarinyar da Ke Mana Fassara

A shekarun da fina-finan Koriya suka fara shigowa kasuwar Azare, gidanmu ko talabijin babu. Babana gyaran keke yake yi a bakin tasha. Amma ina da ƙawa tun muna firamare, 'yar wani Alhaji dillalin hatsi, kuma a gidansu akwai janareta da injin faifai. Kullum bayan La'asar can za ka same ni.

Fim ɗin da ya kama mu mai faifai da yawa ne, a kan gidaje biyu, na masu hali da na wasu masu sayar da abinci a gefen titi. Ɗan masu halin yana son 'yar talakawan, uwarsa kuwa ko inuwar yarinyar ba ta son gani. Ba mai jin yarensu a cikinmu, sai rubutun Turanci da ke gudu a ƙasa. Ƙawata ta iya karatu sarai, amma ta ce rubutun yana sa mata ciwon ido, sai aikin ya dawo kaina. Ina karantawa ina mayarwa Hausa, har da ƙarin gishiri. In matar nan ta yamutsa fuska sai in ce, "Wai a fitar mata da yarinyar, warin manja yana hawar mata kai."

Hajiya, mahaifiyar ƙawata, sai ta tafa hannu ta yi salati.

"Kai, wannan mata Allah ya shirye ta! Talaka ba mutum ba ne? 'Yata, me ta ce kuma?"

'Yata take ce mini, kuma ba ta barina in tafi ban ci tuwo ba. Ranar da aka watsa wa yarinyar fim ɗin ruwa a fuska, da gefen mayafi Hajiya ta share hawaye. Na koma gida na ce wa Innata duk ƙasar Katagum babu mai zuciyar Hajiya. Inna ta ce, "To, Allah ya sa," ta ci gaba da tankaɗenta.

Muna tsakiyar fim ɗin aka sa ranar auren ƙawata da wani ɗan Jama'are. Tun muna yara muka yi alkawari ni ce babbar ƙawa, wato mai zama a gefen amarya, mai ɓoye ta ranar kamu, mai tsayawa ta ja da dangin ango kafin a ba su ita. Har maganganun da zan yaɓa musu na tanada. Inna da kanta ta ƙunsa mini lalle.

Ranar kamu na shiga gidan da ankona, ina taku ɗai-ɗai. Na leƙa ɗakin amarya, sai na ga wata farar yarinya daga Kano, 'yar abokin kasuwancin Alhaji, zaune a gefenta tana gyara mata mayafi. Kafin in buɗe baki Hajiya ta kamo hannuna ta ja ni falo, inda gwaggonnin ango suke zazzaune.

"Ga yarinyar da ke mana fassara," in ji ta. "Bakinta kamar rediyo. Za ta ɗebe muku kewa kafin a gama shirya amarya."

Aka saka faifai, na zauna a ƙasa kusa da talabijin inda na saba zama. Na fara fassara. Aka zo wurin da matar nan ke gaya wa yarinyar cewa ta dace da yi musu aiki, amma ba ta dace da zama cikinsu ba. Wannan karon ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba, yadda aka rubuta haka na faɗa. Hajiya tana wucewa da tiren lemo ta tsaya.

"Muguwa! Kun ga abin da nake gaya muku ko?"

Can sai aka tashi wasu daga cikin matan suka shiga ciki. Ina zaune da sauran tsofaffin na ji guɗa ta tashi. An yi kamu ba ni.

Duk haushina a kan Hajiya yake. Na ce tilasta wa ƙawata aka yi, ita ma tana can ranta a ɓace. Da mutane suka ragu na shiga wurinta, ina shirin mu yi kukanmu tare. Na tarar tana duba ƙunshinta a hasken taga.

"Ke, an ce kin ba su dariya," in ji ta. "Ai ni na ce wa Hajiya a sa ki, kin fi kowa iyawa. Kin san dangin ango, ido suke sa wa su ga 'yar wa ke gefen amarya."

Na juya zan fita. Ko a jikinta, ta ci gaba da maganarta.

"Ba ku kai faifan ƙarshe ba dai ko? Kar ki kalla, ki jira in zo ganin gida."

Maganar Hajiya ta yi mini ciwo, amma wannan ita ce har yau ban huce ba. Ban raka ta Jama'are ba. Da ta zo ganin gida ta aiko a kira ni, wai an tayar da janareta, ni kaɗai ake jira. Na ce a gaya mata rubutun yana nan a ƙasa, kuma idonta lafiyarsa ƙalau.