Gishiri Ya Ji, Maman Friday

Ni kitso nake yi, kuma mai kitso hannunta ne kawai a kan aiki, idonta da kunnenta yawo suke. Shagona a Kakuri yana daura da rumfar Maman Friday, kwata ce kawai ta raba mu, don haka duk wanda zai ba ku labarinta sai dai ya biyo bayana. Sunanta na baftisma Celina, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai fasto. 'Yar wajen Zonkwa ce, gajera, mai faɗin kafaɗa, ga murya sai ka ce faɗa take ko da gaisuwa ce. Mijinta Matthew ne ya kawo ta Kaduna tun masaƙa tana masaƙa. Shi yana sashen rini, ita kuma ta kafa murhu kusa da ƙofar masaƙar tana sayar wa ma'aikata tuwon masara da miya.

Wanda bai ga Kakurin wancan lokaci ba, ba zai gane ba. In jiniyar tashi ta busa, titi cika yake maƙil da maza, na keke da na ƙasa, kowa da ɓurɓushin auduga a ka. Maman Friday ko ɗaga kai ba ta iya yi. Tana zuba miya tana zagin wanda ya tsallake layi, tana tambayar wani jikin matarsa, duk a numfashi ɗaya.

Matthew ya rasu gab da soja su koma bariki. Ɗansu ɗaya tilo, Friday, ya tafi Legas neman aiki, daga nan sai gaisuwa a bakin direbobi, ita ma daga baya ta ɗauke. Da farar hula suka karɓi mulki mun yi rawa a layin nan, muka ce kakarmu ta yanke saƙa. Ashe saƙar ce za a yanke gaba ɗaya! Aka yi rikicin da ya raba garin, maƙwabta da yawa suka kwashe kaya suka haye kogi. Ba mu gama farfaɗowa ba, wata safiya ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofar masaƙa. Jiniya ba ta sake busawa ba.

To, a nan ne na san wace ce matar nan.

Akwai abokan aikin mijinta da ba su daina fitowa ba. Da safe su yi wanka, su sa rigar aiki, su zo su zauna a gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofar masaƙa, wai suna jiran labari. Babbansu Baba Tanko, wanda a dā shi ne shugaban sashen saƙa. Dogo ne, rigarsa kullum a goge, biro a aljihu, alhali babu abin da ya rage masa na rubutawa. Sai Malam Ibrahim mai gyaran inji, wanda yake takowa a ƙasa tun daga Makera, mutum mai raha, shi kaɗai ne yake iya mayar wa Maman Friday magana. Da wasu tsirarun irinsu. Kowa a layin ya san ba su karya ba suke fitowa, don abin da ya samu a gida yara ake bar wa. Amma ka ce wa Baba Tanko zo ka ci? Tabɗi! Gara ka mare shi.

Ran nan da rana tsaka, daidai lokacin da jiniya ta saba busawa, sai na ga Maman Friday ta fito bakin titi da ludayi a hannu.

"Baba Tanko! Don Allah zo ka ɗanɗana min miyar nan. Mura ta kashe min baki, ban san ko gishiri ya ji ba."

Mura ina? Lafiyarta ƙalau. Baba Tanko ya taso a hankali, kamar wanda aka kira duba injin da ya tsaya. Ta zaunar da shi, ta dire masa malmala biyu da miya har tana tumbatsa. Ya dube ta, ta kau da kai tana gyara itace. Ya wanke hannu ya fara. Can ya ce, "Kamar da saura kaɗan."

"Kai Baba, bakinka ya tsufa. Malam Ibrahim, zo ka raba mu!"

Malam Ibrahim ya zo ya ce ai gishiri har ya so ya yi yawa. Gardama ta kaure, dole aka kira sauran su ba da shaida. Kafin a yanke hukunci tukunya ta yi ƙasa.

Haka abin ya zauna, kullum. Ba a taɓa cewa abinci ba, ɗanɗano ne. Ba a taɓa cewa an gode ba, sai dai in mutum ya suɗe kwano ya ce, "Gobe a ƙara daddawa." Ita kuma ta ce in ya iya ya zo ya dafa. A nan ake sharhin gwamnati, a nan ake tuna yadda Matthew yake dawowa gida da hannu shuɗi har gwiwa. In an zo kan Matthew sai ta duƙufa tana juya miya, amma ni daga shagona ina ganin bakinta yana motsi da murmushi.

Sai dai masu saye sun ƙare, ai masu sayen su ne suke ɗanɗano. Na ga atamfofinta suna fita kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Babbar tukunyar da take dafa abincin biki ma ta tafi. Miya ta fara tsinkewa, nama kuwa sai a labari. Raina ya ɓaci, na tsallaka kwata na same ta.

"Mama, wannan wace irin wauta ce? Ke gwamnati ce? Ke kika rufe masaƙar?"

Ba ta yi min tsawa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Juliana, in na rufe ɗaki babu kowa sai rediyo. In waɗannan ba su zo ba, wa zai ƙara ambatar sunan Matthew a gabana? Da wa zan yi faɗa?" Na koma shagona.

A shekarun nan ƙungiyoyi sun yi ta shigowa, kowace da farar mota da zancen tallafi. Akwai wata Madam Irene a cocinmu da take aiki da irin waɗannan. Kada wani ya ce muguwa ce, ba muguwa ba ce, mace ce mai zafin nama da tausayi, sai dai komai nata da sauri. Ita ta ce akwai masu ba da tallafi ga ƙananan ƙungiyoyin da suke ciyar da jama'a, kuma abin da Maman Friday take yi ya fi na masu ofis da yawa. Ta haɗa mu matan zumunta muka zama ƙungiya, ta yi ta zirga-zirga, ta sha rana. Mu dai muna cewa Allah ya sa. Ranar da mota ta tsaya aka fara sauke buhunan masara da shinkafa da wake da jarkokin manja, Maman Friday ta durƙusa a cikin ƙasa tana kuka. Abin da ta fara cewa shi ne, "Gobe Baba Tanko zai ga nama."

Masu tallafi suna da sharaɗi, kuma da gaskiyarsu, kowa yana son ya ga inda abinsa ya shiga. A kafa allo, a yi bikin buɗewa, a ɗauki hoto.

Aka kafa rumfuna, aka jera fararen kujerun roba. Mutanen gindin dalbejiya suka zo cikin shigarsu ta fita kunya, don a zatonsu bikin matar abokinsu ne. Malam Ibrahim har da babbar riga. Aka ba su layin gaba, aka zuba musu shinkafa da nama. Suna cikin ci wani matashi daga ofishin masu tallafi ya ɗauki makirfo, ya nuna su da hannu, ya ce a dubi waɗannan iyaye namu da yunwa ta addaba, daga yau kukansu ya ƙare. Aka yi tafi. Mai hoto ya durƙusa a gaban Baba Tanko daidai ya kai loma baki, ya haska shi. Sannan aka yaye ƙyallen da ya rufe allo. Da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa, manyan baƙaƙe yadda ko na kan acaɓa zai karanta: WURIN CIYAR DA MAYUNWATA DA MARASA GALIHU.

Ina kallon Baba Tanko. Ya karanta na sama, ya karanta na ƙasa. Ya ajiye cokali a gefen faranti, ya ciro hankici ya goge baki, ya gyara biron aljihunsa, ya miƙe. Bai yi fushi a fuska ba. Ya je ya gai da Madam Irene, ya yi mata sannu da ƙoƙari, ya tafi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Maman Friday tana can baya tana fama da tukwane, ba ta ga komai ba.

Washegari ta fito da ludayi ta kira, babu kowa a gindin dalbejiya. Sun koma can ƙarshen katangar masaƙa, inda ba a hango allon.

Kada in yi ƙarya, abincin bai yi kwantai ba. Mutane sun zo, har daga Trikania da Sabon Tasha. Mata da goyo, tsofaffi, waɗanda ba su da lokacin jin kunyar allo. Layi har bakin shagona. Na ga yaran da suka zo da wuya kamar zare sun yi kumatu. Wannan alheri ne, kuma ba na son a taɓa shi. Amma mai bin layi ba ya gardamar gishiri. Ya miƙo roba, a zuba, ya ce Allah ya saka, ya wuce. Babu wanda ya san an taɓa yin wani Matthew. Maman Friday ta yini cikin mutane tana zuba abinci, amma sai ta kai yamma ba ta zagi kowa ba. Muryar nan da take hana ni jin hirar masu kitso, na neme ta na rasa.

Na ce mata, "Mama, mu cire shegen allon nan mu huta!"

Ta nuna min layin da haɓa. "In na cire, buhuna su tsaya. Waɗannan fa?" Na tsallaka kwata na koma kan kitsona.

Ta aika a gaya wa su Baba Tanko ba ita ta rubuta allon ba. Suka aiko da gaisuwa. Ta haɗu da Malam Ibrahim a hanya, ya tsaya suka gaisa da kyau, ya tambayi Friday, ya ce ana kiran salla, ya wuce. Baba Tanko kuwa yana ta ramewa, rigar tana nan a goge amma ta zama kamar ta aro.

Wata Asabar, bayan layi ya watse, na ga ta hura wani ƙaramin murhu daban. Ba ta taɓa buhun tallafi ba. Da ɗan abin hannunta ta sayo garin masara da kuɓewa da busasshen kifi, ta yi tuwo a tsohuwar tukunyarta. Ta ɗaura zanen da ya rage mata mai kyau, ta ɗora tire a ka, ludayi a hannu. Na bar kan mata a tsefe rabi, na bi ta a baya, don zuciyata ba ta ba ni in zauna ba.

Su Baba Tanko suna zaune a jikin katanga, a kan bulo. Da suka hango ta hira ta mutu. Ta sauke tire a gabansu, ta buɗe, tururi ya tashi. Na ga maƙogwaron Malam Ibrahim ya motsa.

"Baba Tanko," in ji ta, "don Allah ɗanɗana min. Ban san ko gishiri ya ji ba."

Baba Tanko ya dubi miyar ya daɗe. Sannan ya ɗago ya dube ta, da ladabi, yadda ake duban baƙuwa.

"Ya ji, Maman Friday. Daga nan ma ina jin ƙamshinsa. Ki kai wa mabuƙata."

Ta juya wajen Malam Ibrahim. "Malam, ba za ka raba mu ba?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. "Ai Baba ya faɗa, Maman Friday. Ya ji."

Ta rufe kwano, na taya ta ɗora tiren. Muka juyo muka dawo. Ba ta shiga rumfarta ba, shagona ta shigo ta zauna a kan bencin masu jira, tiren a cinya. Na ce bari in ci, don kada wahalarta ta tafi a banza. Na wanke hannu, na gutsuri tuwo na dangwali miya na kai baki.

Lami. Ko ƙwayar gishiri babu.

Na dube ta. Ta ce, "Da gangan na ƙi sawa, Juliana. Na ce yau dai in sun taɓa, dole su yi min faɗa."

Ta kwance bakin zanenta, ga ɗan ƙullin gishirin da ta tafi da shi. Ta ajiye min a gefen kwano, ta tashi ta tsallaka kwata ta koma wanke tukwanen gobe.