Igiyar Kawu a Tashar Filinge

Direbobin tasharmu ba su iya ɗaurin kaya ba, kuma ba su damu ba. Ranar kasuwa buhun hatsi ya zamo daga saman motar Yamai, ya karya ma wata mata kafaɗa. Nan na tuno marigayi kawuna, tsohon soja mai ɗaure kaya cikin jirgin sama.

Ya taɓa sauke ni daga amalanke cikin zafin rana, ina gunaguni, yana jijjiga kowane ƙullin kayan da hannunsa mai warin taba. Ya ce, "Ɗiyata, can sama abin da ya motsa sai ya kashe wani."

Allah ya sanyaya makwancinsa.

Washegarin kasuwar jikata za ta Yamai. Na ɗauki igiyar kawu, na ce ma direba, "Malam, sake ɗauri, ko yarinyar nan ta sauka."