Takardun da Kaka ta cusa a bango

Ina aji uku a sakandare wata ƙawata 'yar Mai'adua ta ara mini wani littafi. Hutu ta zo gidan gwaggonta a nan Daura, ta ce ranar Lahadi za ta bi motar kasuwa ta koma, kuma da littafinta za ta tafi. Na Turanci ne, ya sha hannu, ɗinkinsa duk ya saki.

Labarin wata yarinya ne da aka kai makarantar kwana, aka ba ta gado kusa da wani gadon da ba mai shi. Kullum da safe sai ta tarar an kwanta a kai, matashin ya jiƙe sharkaf. In ta yi tambaya kowa ya kau da kai. Ni da nake kwana a irin wannan ɗakin, tsigar jikina ta riƙa tashi da rana tsaka a gindin darbejiya. Amma in ajiye? Ina! Miya ta kama a tukunya, Inna ta yi ta faɗa, na ce to, na juya shafi.

Ranar Asabar da hantsi na kai inda yarinyar ta ɓuya a ƙarƙashin gadon, ta ji ana turo ƙofa. Na juya, babu komai. Takardun ƙarshe sun zube!

Na kakkaɓe tabarma, na kife akwati. Inna ta ce, "Je ki wurin tsohuwa, na ga tana tsince-tsince a tsakar gida."

Kaka ba ta wuce takarda a ƙasa. In dai da rubutu, ko kwalin sukari ne, sai ta ninke ta cusa a tsagar bango, kada a taka sunan Allah. A shekarun nan kuɗi ya shigo gari, Baba ya shafe gidan da siminti ya sa kwano, ɗakinta kaɗai ta hana a taɓa.

"Kaka, ina takarduna?"

"Ko sallama babu? Bokon ne ya cinye gaisuwar?"

"Ina kwana. Ina takarduna?"

"Suna inda ba a taka su, sarkin gaggawa."

"Turanci ne fa, babu sunan Allah a ciki!"

"Ke kika ce. Ni dai na ga baƙi a kan fari."

Ta ce ba za su fita daga ɗakinta ba sai na karanta mata da Hausa ta ji da kunnenta. Na shiga zura hannu a tsaga, ina zaro takardun sabulu da na magani. Wata tsaka ta bi ta kan yatsuna, na ƙwala ihu, Kaka ta yi dariya har da tari. Da ƙyar na haɗa nawa na jera su.

Dole na faro mata labarin daga farko, a guje.

"Aljana ce," in ji ta.

"Kaka, ki bari mana!"

Ashe matar da ke kula da ɗakin ce. 'Yarta ce ta rasu tana mai wannan gado, shi ne take zuwa ta kwanta ta yi kuka. Na ji daɗi har na tashi tsaye. Kaka kuwa ta share ido da bakin zane, ta ce Allah ya jiƙan yarinya, kamar 'yar maƙwabta ce.

Saura takarda ɗaya. Matar ta bar aiki ta koma garinsu, da dare aka kulle ɗakin da 'yan matan a ciki. Washegari yarinyar ta taɓa matashin, ta ji shi a jiƙe.

Muka kalli juna. Kaka ta janye ƙafafunta daga bakin gado.

"A'uzu billahi! Kwashe kayanki. Wannan ba za ta sake kwana a bangona ba."

Na nemi zare da allura na ɗinke littafin tsaf. Da na miƙa wa ƙawata a tasha, ta ce, "Kin kai ƙarshe?" Na ce har Kaka ma ta kai.