Tulun da Ya Ƙi Jiran Wuta

A Durum na girma, a ɗakin kakata Yagana. In an gama girbi sanyi ya sauka, bayan sallar isha takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, ta zube mana gyaɗa a faifai. Dokarta ɗaya ce: wanda bai ɓare gyaɗa ba, ba zai ji tatsuniya ba.

"Ga ta nan tafe," in ji ta. Mu ce, "Ta iso ta zauna."

Wai wata maginiya ce a Mirriya ta gina tuluna, ta jera su a inuwa. Akwai wani ƙarami mai dogon wuya, kullum yana kallon manya ana kai su rijiya, su dawo ana yabon sanyin ruwansu. Ya ce shi ma sai ya je. Manya suka ce, "Yaro, ka sha inuwa, ka sha rana, sannan ka sha wuta. Rijiya ba ta gudu." Ya ce baƙin ciki ne irin na tsofaffi. Da asuba ya mirgina cikin gasassu, wata yarinya ta ɗauke shi. Aka cika shi fal. Ba su yi rabin hanya ba gindinsa ya saki, ya zube mata a wuya, laka tsamo-tsamo.

Nan muke kecewa da dariya. Kaka kuwa ko murmushi.

"Ku tsaya, 'yan nema, ban kai ba. Maginiya ta bi hanya ta kwashe lakarta, ta sake cuɗawa. Ɗanye in ya zube, ana tashinsa."

Yau ni ce kaka, a birnin Damagaram. Jikana Mutari, ko gemu bai san hanyarsa ba, ya sa kokowa a ransa. Ya ga samarin unguwa suna ɗaga gwangwanaye cike da siminti a jikin ƙarfe, shi ma ya haɗa nasa a bayan ɗaki. Wani ya ce masa fura tana kashe jiki, sai ya koma shayi mai ɗaci, ya tafi lakwal, makarantar boko, ciki wayam.

Na ce, "Maigida, da waɗannan ƙafafu kamar karan dawa, wa za ka kayar?"

Ya ce, "Da ke zan fara, tsohuwa."

Wata safiya na ji ƙarfe ya faɗi. Na iske shi kwance, ya riƙe baya, ya kasa tashi. Muka kai shi asibiti, aka ɗauki hoton ƙashi. Ina zaune a benci ina jan carbi, ina tuna wani ɗan ƙauyenmu da buhu ya tanƙware tun yana yaro, har ya tsufa bai miƙe ba.

Lokotoro ya fito ya ce, "Iya, ƙashi lafiya lau, tsoka ce ta ji ciwo. Ya huta. In ya warke ya yi gudu, ya yi tsalle, ya kama sa'anninsa a rairayi. Ƙarfe sai ya girma. Ku ba shi wake da ƙwai da fura da nono."

Alhamdulillahi kawai nake ta faɗi.

Da ina yarinya na ɗauka tulun ake yi wa ba'a. A bencin nan na gane abin da ya hana Kaka dariya: ita tana wurin maginiya ne, mai bin hanya da ƙwarya, tana fatan a sami abin kwashewa. Ni na samu, Allah ya rufa asiri.

Jiya Mutari ya dawo daga fili, rairayi har cikin kunne. An kayar da shi, shi ma ya kayar. Ya shanye furarsa tas, ya miƙo mini ƙwaryar.

"Tsohuwa, ƙaro."

Na ƙara masa, har da nonon da na ajiye wa kaina.